Harry Houdini, Sarkin Ankwa: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa kutsawa cikin da'irar 'yan kallo ranar kasuwa, ya ga ɗan dabo ya zaro kuɗi daga kunnen yaro, ko ya ga ɗan tauri yana goga wuƙa a ciki ba ta kama ba, ya san gardamar da ake komawa gida da ita: wannan da gaske ne ko rufa ido ne? Gardamar nan ta bi Harry Houdini tsawon shekara talatin da biyar da ya yi yana wasa, kuma har yau ba ta sake shi ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Wane ne Houdini, kuma ɗan ina ne?

Sunansa na yanka Erik Weisz. An haife shi ranar 24 ga Maris, 1874, a Budapest, babban birnin Hungary. Mahaifinsa, Mayer Samuel Weisz, malamin addinin Yahudawa ne, mahaifiyarsa kuwa sunanta Cecilia. A 1878 iyalin suka yi ƙaura zuwa Amurka, suka sauka a wani ƙaramin gari mai suna Appleton a jihar Wisconsin, inda aka ba mahaifin limancin majami'ar Yahudawan garin. Bayan 'yan shekaru aka sallame shi, talauci ya yi musu sallama. Suka koma Milwaukee, daga can kuma New York.

Yaron ya taso yana neman na kai wa gida tun bai isa ba. Yana ɗan shekara tara ya fara wasan lilo a sama a gaban yaran unguwa, yana kiran kansa Yariman Iska. A New York ya yi aikin yanka yadi a masana'antar ɗinka laktaye, da yamma kuma ya je tseren gudu. Da ya shahara sai ya riƙa cewa a Appleton aka haife shi ranar 6 ga Afrilu, har aka daɗe ana rubuta hakan a littattafai, amma takardar haihuwarsa ta Budapest ta raba gardama.

To ina ya samo sunan Houdini?

Daga wani ɗan dabon Faransa, Jean-Eugène Robert-Houdin, wanda saurayin ya karanta tarihin rayuwarsa ya ji duk duniya ba shi da gwani sai shi. Ya ɗauki sunan ya ƙara masa harafin i. Harry kuwa daga Ehrie ne, laƙabin da ake kiransa da shi a gida. Abin da ban ji daɗinsa ba a tarihinsa shi ne, a 1908 ya rubuta littafi sukutum yana zargin gwanin nasa da satar dabarun wasu. Mutumin da ka ci abinci da sunansa bai cancanci haka daga gare ka ba, balle ya riga ya rasu tun 1871, ba shi da bakin kare kansa.

Da ya fara nan da nan ya yi suna?

Ina! Ya fara a 1891, ya kuma yi shekara takwas yana fama. Wasan karta yake yi da ƙananan siddabaru a rumfunan kallo na masu kwabo da ahu, wani lokaci ya fito sau da yawa a yini guda a kan ladan da bai taka kara ya karya ba. A shekarun farko ya yi wasa da ƙanensa Theodore, wanda daga baya ya yi suna da Hardeen. A 1894 a wurin shaƙatawa na Coney Island ya haɗu da wata yarinya mai waƙa da rawa, Wilhelmina Beatrice Rahner, wadda ake kira Bess. Cikin 'yan makonni aka ɗaura aure, ta karɓi wurin ƙanen a kan dandamali.

Wasan da suka fi yi tare shi ne na musaya. A ɗaure hannuwansa, a sa shi a buhu, a ƙulle bakin buhun, a jefa a akwati, a kulle, a naɗe da igiya. Bess ta ja labule ta tafa sau uku. Labule ya buɗe, sai ga shi tsaye a waje. A kwance igiya, a buɗe akwati, a buɗe buhu, sai ga Bess a ciki da hannuwa a ɗaure. Allah bai ba su haihuwa ba, suka zauna tare har mutuwa ta raba.

Me ya sauya masa rayuwa?

Shawarar mutum ɗaya. A 1899 wani mai shirya wasanni, Martin Beck, ya gan shi a St. Paul ta jihar Minnesota. Ya lura cewa wasan kartar kowa na yi, amma kuɓuta daga ankwa ba kowa ba. Ya ce masa ya ajiye sauran ya riƙe wannan, ya kuma sa shi a jerin manyan gidajen wasa na Orpheum. A 1900 ya haye zuwa Turai, gidan wasa na Alhambra a Landan ya ɗauke shi, daga nan sai Jamus da Faransa da Holan da Rasha.

Dabararsa ta talla ita ce ta sa ya zarce tsara. Duk garin da ya sauka, ofishin 'yan sanda yake fara zuwa. Ya ce su tuɓe shi, su caje shi, su sa masa ankwa da mari, su kulle shi a ɗakin da suka fi amincewa da shi, 'yan jarida na tsaye. Washegari labarin ya cika jaridu, da dare gidan wasa ya cika maƙil. A Mosko a 1903 ya fita daga motar ƙarfe da ake kai fursunoni Saiberiya da ita. A Cologne wani ɗan sanda, Werner Graff, ya zarge shi da cewa cin hanci yake bayarwa a buɗe masa. Houdini ya kai ƙara, ya kwance kansa a gaban alƙali, ya ci shari'a a 1902. A Janairun 1906 a kurkukun Washington aka kulle shi a ɗakin da aka taɓa tsare Charles Guiteau, wanda ya kashe Shugaban Amurka Garfield. Bai tsaya ga fitowa kawai ba, sai da ya buɗe ɗakunan sauran fursunoni ya sassauya musu wuri.

Akwai ankwar da ta kusa gagararsa?

Akwai, kuma ranar ce aka fi ba da labarinta. A Maris ɗin 1904 jaridar Daily Mirror ta Landan ta ƙalubalance shi da wata ankwa ta musamman, wadda aka ce wani maƙerin Birmingham, Nathaniel Hart, ya shekara biyar yana ƙerawa. Ranar 17 ga wata, gidan wasa na Hippodrome ya cika da mutum wajen dubu huɗu. Aka datse masa hannuwa, ya shiga ɗan ƙaramin labulensa, masu kiɗa suka ci gaba da kiɗa.

Lokaci ya yi ta tafiya. Ya leƙo don ya duba makullin a haske, jama'a suka ɗauka ya gama, ashe da sauran aiki. Ya sake fitowa gumi ya jiƙa shi sharkaf, gwiwoyinsa sun yi tsami saboda durƙuso. Can ya roƙi wakilin jaridar ya buɗe masa ankwar ya cire kwat ɗinsa, zafi ya dame shi. Wakilin ya ƙi, ya ce in ya ga yadda ake buɗewa ai an ba shi satar amsa. Sai Houdini ya lanƙwasa jiki ya zaro 'yar wuƙa daga aljihu, ya buɗe ta da haƙori, ya juyo kwat ɗin ta saman kansa, ya yi ta yanka da wuƙar a baki har rigar ta faɗi a yage. Wurin ya kaure da tafi. Bayan fiye da awa ɗaya ya fito riƙe da ankwar a buɗe, mutane suka ɗauke shi a kafaɗa yana kuka.

Har yau masana tarihin dabo ba su daidaita kan yadda aka yi ba. Wasu sun ce Bess ce ta miƙa masa mabuɗi, amma mabuɗin dogo ne, ba ya ɓoyuwa a baki. Wasu sun ce tun farko da haɗin bakin jaridar aka shirya komai. Ko da hakan ne, riƙe mutum dubu huɗu awa guda suna kallon labule ba su tashi ba, ba ƙaramin gwani ke iyawa ba.

Tsafi yake yi, ko aljanu ke taimakonsa?

Ko ɗaya, kuma shi da bakinsa ya sha faɗa. Abin da yake da shi ilimin makulli ne, da ƙarfin jiki, da naci. Ya san cewa ankwoyi da yawa na zamanin mabuɗi iri ɗaya ke buɗe su, wasu ma in an buga su a kan abu mai tauri sai su saki. Ya ƙware wajen ɓoye ƙananan ƙarafan buɗe kwaɗo a jikinsa, ya koyi haɗiye ƙaramin abu ya dawo da shi. In za a ɗaure shi da igiya ko rigar nan mai dogayen hannuwa da ake ɗaure masu taɓin hankali da ita, sai ya cika ƙirji da iska, ya buɗa kafaɗu, ya ɗan janye hannuwa daga jiki. Da ya saki numfashi sai ɗaurin ya yi sako-sako. Sauran kuwa kokawa ce zalla, wadda take barinsa da kumburi da ƙujewa.

A gida yakan shiga bahon wanka cike da ruwa da ƙanƙara don ya saba da sanyin kogi, yana kuma horar da kansa riƙe numfashi har sama da minti uku. Yana da amintattun ma'aikata, irin su Jim Collins, masu ƙera kayan wasan, waɗanda suka yi rantsuwar ba za su tona asiri ba.

Da farko a bayan labule yake kwance rigar ɗaurin, mutane suna zargin wani ne ke taimaka masa. Ƙanensa Hardeen ne ya gano cewa in aka yi a fili, jama'a suna ganin wahalar da idonsu, sun fi jin abin a jikinsu. Houdini ya ɗauki wannan ya kai shi ƙarshe: a ɗaure shi, a rataye shi ta ƙafa kai a ƙasa daga saman dogon bene, galibi na ofishin jarida, dubban mutane sun tare titi, ya yi ta mutsu-mutsu har ya jefo rigar ƙasa.

Wasannin ruwan fa?

Masu kwaikwayo ne suka tura shi can. Da kowa ya fara kiran kansa sarkin ankwa, sai ya nemi abin da ba za su iya bin sa ba. A Janairun 1908 a St. Louis ya fito da wata babbar garwar madara ta ƙarfe. A cika ta da ruwa, ya shiga ya dunƙule, a rufe, a sa kwaɗuna. Kafin ya shiga yakan ce wa 'yan kallo su riƙe numfashi tare da shi. Kafin minti ɗaya kowa ya saki nasa yana haki, shi kuwa shiru. Sirrin yana wuyan garwar: an ƙera shi yadda daga ciki za a iya ɗaga murfin da kwaɗunansa gaba ɗaya, ba tare da an taɓa kwaɗo ko ɗaya ba.

A Yulin 1912 aka sa shi a akwatin katako da ankwa da mari, aka buga ƙusoshi, aka ɗaura masa nauyin dalma, aka zura shi a kogin East River na New York. Bai cika minti ɗaya ba ya ɓullo. A Satumbar shekarar, a Berlin, ya nuna wasan da ya fi kowanne suna: a maƙale ƙafafunsa a katako, a zura shi kai a ƙasa cikin tankin ruwa mai fuskar gilashi, a kulle, mataimaki na tsaye da gatari ko da ta ɓaci. Wanda ya kusa halaka shi kuwa na ƙasa ne. A 1915 a jihar Kalifoniya ya sa aka binne shi ba akwati a rami mai zurfin ƙafa shida. Nauyin ƙasa ya danne shi, tsoro ya kama shi, da ƙyar hannunsa ya huda waje, aka jawo shi a sume.

Gaskiya ne ya tuƙa jirgin sama kuma ya yi fim?

Gaskiya ne. A 1909 ya sayi jirgi ƙirar Voisin ta Faransa, ya koyi tuƙi a Hamburg, kuma ranar 18 ga Maris, 1910, ya tashi da shi a Diggers Rest kusa da Melbourne, yana cikin mutanen farko da suka tashi da jirgi a Ostireliya. Finafinai kuwa ya yi wasu tsakanin 1918 da 1923, har ya kafa kamfaninsa, amma asara ya tafka ya haƙura. A 1918 ya ɓatar da giwa mai suna Jennie a dandamalin Hippodrome na New York. Daga 1917 har rasuwarsa shi ne shugaban ƙungiyar 'yan dabon Amurka.

Me ya haɗa shi faɗa da masu cewa suna kiran matattu?

A wurina nan ne mutumin ya fi girma. Houdini yana son mahaifiyarsa so mai tsanani. A Yulin 1913 yana Copenhagen aka miƙo masa takardar telegiram cewa ta rasu, ya karanta ya faɗi a sume. Ya daɗe bai dawo daidai ba. Bayan 'yan shekaru Yaƙin Duniya na Ɗaya da annobar murar 1918 suka kwashe miliyoyin mutane, kasuwar masu kiran ruhi ta buɗe a Turai da Amurka. A tara iyaye da zawarawa a ɗaki mai duhu, a riƙe hannun juna, tebur ya motsa, ƙararrawa ta kaɗa, murya ta fito ta ce ni ne ɗanki da ya mutu a fagen daga. A biya kuɗi, mako mai zuwa a dawo.

Ya san sana'ar ciki da bai, domin lokacin da yunwa ta matsa musu, shi da Bess sun taɓa yin ta. Sukan shiga gari su zaga maƙabarta su karanta sunaye, su saurari tsegumi, da dare su faɗa wa mutane sirrin mamatansu. Ya bari, kuma ya ce da ya ɗanɗani rashin uwa ne ya gane girman laifin da ya yi. Saboda haka da ya shiga ɗakunan nan yana fatan ko da kalma ɗaya daga mahaifiyarsa, abin da yake gani dabarun da ya sani ne, wasu ma shi ya fi su iyawa.

Yaya suka ɓata da Arthur Conan Doyle?

Doyle, marubucin labaran Sherlock Holmes, ya rasa ɗansa Kingsley a 1918, kuma ya yi imani da kiran ruhi har zuci. Sun ƙulla abota a 1920. A Yunin 1922 a wani otal a Atlantic City, matar Doyle ta ce za ta karɓo masa saƙo daga mahaifiyarsa. Aka rufe labule, ta ɗauki fensir, ta zana gicciye a saman takarda, ta yi ta rubutu da sauri har shafi 15, mijinta yana yagowa yana miƙa wa Houdini. Ya karɓa ya karanta bai ce uffan ba. Saƙon da Turanci ne tsantsa, alhali tsohuwar ba ta iya Turancin kirki ba. Ga kuma gicciye daga matar limamin Yahudawa.

Bai zargi matar da ƙarya da gangan ba, ya ɗauka zuciyarta ce ta yaudare ta. Amma da ya faɗa a fili cewa bai yarda ba, Doyle ya ji ciwo, abota ta koma gaba a shafukan jarida. Doyle kuwa har ya mutu yana ganin Houdini da kansa yana da wata baiwa ta ɓoye, narkewa yake yi ya fita daga akwati, yana dai ƙin faɗa ne. Mai abu yana cewa dabara ce, mai kallo yana cewa a'a.

Ya yi nasara a kansu?

A kan ɗaiɗaiku, ƙwarai. Mujallar Scientific American ta sa ladan dala 2,500 ga duk wanda ya nuna ikon ruhi na gaskiya, Houdini na cikin alƙalai. A 1924 wata matar likita a Boston, Mina Crandon, wadda ake kira Margery, ta kusa karɓewa, don wasu malaman kwamitin sun riga sun sallama. Houdini ya zauna kusa da ita a cikin duhu, ƙafarsa na jingine da tata, ya ji lokacin da take zame ƙafar a hankali don ta danna akwatin ƙararrawa. Ba a ba ta kuɗin ba. Yana da masu bincike, shahararriyarsu Rose Mackenberg, wadda kan shiga gari kafin ya iso, ta yi shigar bazawara, ta ziyarci masu kiran ruhi. Da dare ya kira sunayensu daga kan dandamali. A 1926 ya ba da shaida a Majalisar Dokokin Amurka yana goyon bayan dokar hana duba don kuɗi a Washington. Dokar ba ta wuce ba, ƙararrakin da aka shigar a kansa kuwa sun taru.

Shi ma ai yaudara yake yi. Ina bambancin?

Bambancin yana bakin ƙofa. Wanda ya sayi tikitin Houdini ya san rufa ido ya zo kallo, an gaya masa, ya yarda, ya biya don a ba shi mamaki, ya koma gida da nishaɗi. Uwar da ta kai kuɗinta ɗakin duhu ba ta san wasa ake yi da ita ba, kuma da hawayenta ake cin abinci. Mu ma harshenmu ya raba ɗan dabo da ɗan damfara, ko da hannunsu iri ɗaya ne wajen sauri. Ba na cewa waliyyi ne. Yana da girman kai, yana ƙara gishiri a labarin kansa, ba ya kuma tausayin abokin hamayya. Amma an miƙa masa rigar mai sihiri, wadda da ya sa da ya ninka dukiyarsa, ya ƙi karɓa.

A tankin ruwa ya mutu?

A'a. Wani fim na 1953 ne ya dasa wannan a zukatan mutane. A Agustan 1926 lafiyarsa ƙalau, har ya yi minti 91 a rufaffen akwatin ƙarfe a ƙarƙashin ruwa a otal ɗin Shelton na New York, don ya ƙaryata wani mai suna Rahman Bey da ya yi awa ɗaya yana cewa ikon ruhi ne. Houdini ya ce numfashi ne a hankali da kwantar da rai. A Oktoba ya karya idon sawu a Albany, ya ci gaba da wasa. Ranar 22 ga wata a Montreal ta Kanada, yana kishingiɗe a ɗakin shiri, wani ɗalibi, J. Gordon Whitehead, ya tambaye shi ko gaskiya ne cikinsa na jure kowane naushi. Kafin ya miƙe ya ɗaure ciki, saurayin ya kai masa duka da ƙarfi sau da dama.

Ya ƙi zuwa asibiti. Ya hau jirgin ƙasa zuwa Detroit, likita ya ce afendis ne, a yi aiki yanzu, ya ce sai ya gama wasa. Ranar 24 ga Oktoba ya hau dandamalin Garrick da zazzaɓi mai zafin digiri 40, ya kammala da ƙyar. Da aka buɗe cikin a asibitin Grace, hanjin ya riga ya fashe, ruɓa ta bazu, ga shi lokacin ba a samu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin na yau ba. Ya rasu ranar 31 ga Oktoba, 1926, yana da shekara 52. Likitoci sun saɓa kan ko naushin ne ya jawo ciwon ko ya tarar da shi ne, amma jinkirin zuwa asibiti ya taimaka wajen ajalin.

Me ya biyo bayan mutuwarsa?

An binne shi ranar 4 ga Nuwamba a maƙabartar Machpelah da ke unguwar Queens a New York, cikin akwatin tagulla da ya sa aka ƙera don wasa, aka yi masa matashi da wasiƙun mahaifiyarsa kamar yadda ya yi wasiyya. Kayan wasansa ya bar wa Hardeen, dubban littattafansa kan dabo da kiran ruhi kuma suka tafi ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka.

Sun yi alkawari da Bess kan wasu kalmomin sirri, yadda in wani ya ce ya zo da saƙo daga gare shi za ta iya gwadawa. A 1929 wani mai suna Arthur Ford ya kawo kalmomin, ta fara amincewa, daga baya ta janye, don an gano sirrin ya riga ya fita. Ta ajiye fitila tana ci kusa da hotonsa, duk shekara ranar da ya rasu ta zauna jira. Zama na ƙarshe an yi shi a 1936 a saman otal ɗin Knickerbocker a Hollywood. Ba abin da ya zo, ta kashe fitilar. Ta rasu a 1943. An riga an sassaƙa sunanta a jikin dutsen kabarinsa, amma danginta 'yan Katolika ne, suka binne ta a wata maƙabartar dabam.